Tsakanin kunya da ciwo: yadda na ga aikin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibitin gwamnati

Wata biyar ke nan ina raka ƙanwata sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibitin gwamnati da ke garinmu, kuma zuwa yanzu mun je sau bakwai, wanda a ganina ya isa mutum ya faɗi ra'ayinsa a kan aikin wuri ba tare da an ce ya yi riga malam masallaci ba. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, domin akwai abubuwan da zan kushe, kuma mafi yawansu ba laifin ma'aikatan da ke tsaye a kan aikin ba ne. Ginin da tsarin karɓar marasa lafiya ba su da wani abin yabo. Abin da ya sa na ga dacewar yin wannan rubutu shi ne hirar farko da wata ma'aikaciyar jinya ta yi da ƙanwata, wadda har yau ban ga kamarta ba a duk asibitocin da na taɓa shiga.

Haihuwar fari ce, saboda haka ta dawo gida wankan jego kamar yadda aka saba. Bayan an yi suna mutane sun watse, sai muka lura ba ta ɗaukar yaron sai an miƙa mata shi, idan ta gama shayar da shi kuma sai ta ajiye shi ta juya fuskarta bango. Babu wanda ya damu a gidanmu. Hasali ma yabonta aka yi ta yi, ana cewa a wannan zamani da 'yan mata ke rungume ɗan fari a gaban surukai, ga wadda ta gado kunyar kakanninta. Mahaifiyarmu ta ji daɗin wannan magana ƙwarai. Sai da aka yi arba'in, aka fara shirin mayar da ita ɗakinta, sannan abin ya fito fili: ba ta barci ko da yaron ya yi barci, tuwo sai dai ta jagwalgwala shi ta ture, kuma sau biyu ina tashi cikin dare in same ta zaune a bakin gado hawaye na zuba ba tare da sauti ba. Daga nan magana ta koma cewa iska ce ta shafe ta a banɗaki lokacin wanka. Aka yi mako uku ana ruƙiyya, ana rubutu, ana turara hayaƙi, har ranar da muka kai yaron riga-kafi, wata ungozoma ta dube ta da kyau, ta ja ni gefe ta ce in kai ta wannan sashe kada in bari mako ya zagayo.

Shigarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. Mun isa da ƙarfe bakwai na safe, muka tarar layin yankar kati ya riga ya kai bakin baranda, da na tambayi mai gadi hanya kuma sai ya ɗaga murya ya ce mu bi ta bayan famasi, nan ne wajen masu taɓin hankali. Ƙanwata ta tsaya cak, ta ce ita gida za ta koma, da ƙyar mahaifiyarmu ta rarrashe ta. Ba a kira mu ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Wadda ta karɓe mu mace ce da za ta kai shekara hamsin, kowa a wurin Sista yake kiranta. Abu na farko da ta yi shi ne ta jawo kujerarta daga bayan tebur ta ajiye ta kusa da ta ƙanwata, ta yadda ba su fuskantar juna kai tsaye kamar mai shari'a da wanda ake tuhuma. Sannan ta yi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi jego da ƙarfin jiki, ta leƙa fuskar yaron ta yi masa addu'a, duk wannan ba ta buɗe fayil ba. Da ta tashi fara tambaya kuma ba da marar lafiya ta fara ba, da mahaifiyarmu ta fara. Ta ce, "Hajiya, ku da kuke tare da ita dare da rana, me kuke gani ya same ta?" Mahaifiyarmu ta zayyana labarin iska tun daga farko har ƙarshe, Sista tana saurare ba ta katse ta ba, ba ta kuma yi irin murmushin nan da wasu ma'aikatan asibiti ke yi idan an ambaci aljanu ba. Da aka gama sai ta ce an kyauta da aka nemi tsari, sannan ta tambayi abin da ake ba ta ɗaya bayan ɗaya: wane jiƙo take sha, sau nawa a rana, da me ake hayaƙin, kunun kanwa kofi nawa take sha. Daga baya na fahimci cewa da ta fara da ƙaryata iskar, da ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi ba, alhali tana buƙatarsu kafin likita ya rubuta magani.

Yadda ta fitar da mahaifiyarmu daga ɗakin ma abin lura ne. Cewa ta yi, "Hajiya, ku taimaka ku riƙe mana angon naku a waje, kada ya ji sirrin mata." Mahaifiyarmu ta fita tana dariya da jikanta a kafaɗa, ba ta ji an kore ta ba. Ni kuma sai da Sista ta tambayi ƙanwata ko tana so in zauna ko in fita, ta riƙe gefen hijabina, shi ya sa na zauna, kuma da izininta nake ba da wannan labari.

Ta tambayi sunan yaron, ƙanwata ba ta amsa ba, fuskarta kuma ba ta nuna komai ba. Sista ba ta matsa ba. Sai ta sassauta murya ta ce, "Ƙanwata, na san ɗan fari ne, ba a wasa da shi a gaban mutane. Amma idan dare ya yi, ba kowa a ɗaki daga ke sai shi, kina kallon fuskarsa?" Shiru ya biyo baya, shiru mai tsawo har na buɗe baki zan amsa mata, Sista ta ɗan ɗaga mini yatsa ba tare da ta dube ni ba. Can sai ƙanwata ta ce, "Ko ba kowa ba na jin komai. Ji nake kamar ɗan wata aka ba ni riƙo, kuma na san Allah zai tambaye ni."

A wannan tambaya guda na ga bambancin wanda ya san aikinsa kuma ya san mutanensa. Kunyar ɗan fari don idon jama'a ake yin ta; uwa mai kunya ba ta kiran sunansa, ba ta yaba shi, amma idan aka bar su su biyu tana sumbatarsa tana ƙirga yatsunsa. Mu da muka tashi cikin al'adar mun ɗauki ciwo a matsayin kunya har kwana arba'in. Ma'aikacin da bai san al'adar ba kuwa zai iya yin kuskuren ta ɗaya gefen, ya ga lafiyayyar uwa tana kawar da kai daga jaririnta a gaban mahaifiyarta, ya rubuta cewa ba ta shaƙu da ɗanta ba. Babu wata takardar gwaji da za ta raba waɗannan biyu, sai wanda ya san inda kunya take tsayawa ya yi tambaya daidai wurin.

Daga nan binciken ya tafi a tsare, ko da yake mai saurare zai zaci hira ce kawai. Ta tambayi barci da cin abinci, da ko akwai abin da yake ba ta sha'awa a da wanda yanzu ya fita ranta, da ko tana jin muryoyin da wasu ba sa ji ko tana ganin wani na neman cutar da yaron. Ta tambaye ta ranar mako da watan da ake ciki. Ta tambaya ko an taɓa samun mai irin wannan a danginmu, da yadda haihuwar ta kasance, da yadda suke da mijinta, har da tambayar ko ya taɓa ɗaga mata hannu, wadda ta yi ta cikin murya ɗaya da sauran ba tare da ta nuna wata ta musamman ba ce. Ba ta manta da jiki ba: ta auna hawan jini, ta duba cikin ido ko akwai ƙarancin jini, ta taɓa maƙogwaro, ta danna ƙafafu ko sun kumbura, ta tambaya ko numfashi na yi mata wahala idan ta kwanta. Ta bayyana mana cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma likitocin Zariya tun cikin shekarun 1970 sun danganta yawansa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta da yawan shan kanwa, saboda haka ba a cewa gajiyar mai jego daga ƙwaƙwalwa take sai an tabbatar zuciya da jini lafiya suke. Sannan ta ɗauko wata takarda mai tambayoyi goma, ma'aunin Edinbara da aka tsara a shekarar 1987 don gano ciwon damuwa bayan haihuwa, wanda ke tambayar yadda mace ta ji a cikin kwana bakwai da suka wuce, kuma makinsa gaba ɗaya 30 ne.

Tambaya ta goma a wannan ma'auni a kan tunanin cutar da kai take, kuma a nan ne na ji gabana ya faɗi. Sista ta shigo mata ta mataki-mataki. Ta fara da cewa mata da yawa da ke cikin irin wannan hali sukan gaya mata sun gaji da rayuwa, sannan ta tambaya ko akwai ranar da ta kwanta tana fatan kada ta farka. Ƙanwata ta gyaɗa kai. Sai ta tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin yin wani abu da hannunta. A raina na ce wannan ai koya wa yarinya abin da ba ta sani ba ne, amma daga baya na gane masana sun daɗe da tabbatar da cewa yin tambayar ba ya cusa tunanin, sai dai ya ba wanda ke ɗauke da shi damar sauke shi. Da ƙanwata ta amsa cewa tunanin yakan zo mata amma tana tsoron Allah, Sista ba ta zabura ba, ba ta fara wa'azi a kan wuta da azaba ba, cewa ta yi ta gode da ta gaya mata, kuma wannan tsoron Allah da ya riƙe ta abu ne mai kyau da za su ci gaba da dogara da shi. Sannan ta juyo gare ni ta ce da mun koma gida in kwashe fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari ko na ɓera in kulle, kada kuma a bar ta ta kwana ita kaɗai. A ƙasar da addini ya haramta abin, al'umma ke tsangwamar dangin wanda ya aikata, tsohuwar dokar laifuka ma ta ɗauki yunƙurinsa a matsayin laifi, samun wanda zai ji wannan amsa fuskarsa ba ta canza ba babban abu ne.

Hirar ta ɗauki kusan minti arba'in. Ganin likita bai wuce minti goma ba. Saurayi ne mai ladabi, ya karanta abin da Sista ta rubuta, ya ƙara tambaya uku ko huɗu, ya tura mu gwajin jini, ya rubuta Sertraline, wanda ya ce yana cikin magungunan ciwon damuwa da aka fi zaɓa wa mai shayarwa. A zuwanmu bakwai likita biyar daban-daban muka gani. Ban yi mamaki ba, tunda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ma'anar wannan a aikace ita ce ma'aikatan jinya ne suka san marar lafiya, su ne ke tuna abin da ya faɗa wancan zuwan.

Bayanin da ta yi wa mahaifiyarmu bayan an dawo da ita ɗakin shi ne ya sa aka sha maganin a gidanmu. Ta ce abu uku ne ke samun masu jego. Akwai 'yar damuwa da yawan kuka na kwanakin farko, wadda ke wucewa da kanta cikin mako biyu. Akwai ciwon damuwa, irin na ƙanwata, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun kusan mace 1 cikin 5 bayan haihuwa a ƙasashe masu tasowa. Sai kuma ruɗewar hankali da ke samun mace 1 ko 2 cikin 1,000, wadda ita ba a kwana da ita a gida. Ta ce maganin ba ya aiki nan take, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauyi, kuma ko ta ji sauƙi za ta ci gaba da sha aƙalla wata shida. Da mahaifiyarmu ta tambaya ko a daina ruƙiyyar, sai ta ce, "A'a Hajiya, addu'a ba a daina ta. Wanda ya saukar da cuta ai shi ya saukar da magani, ku haɗa biyun. Amma hayaƙin nan a ɗakin jariri a bar shi, jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba a ajiye shi, kanwa kuma a rage."

Na san akwai masu ganin cewa kamata ya yi ma'aikacin lafiya ya fito ƙarara ya ce babu wata iska, kuma na yi gardama a kan haka da wata ƙawata malamar makaranta. Ban yarda da su ba. Mahaifiyarmu ce za ta miƙa ƙwayar kowace safiya, kuma wadda aka raina wa imani a gaban 'ya'yanta ba za ta miƙa ba. Sista ba ta ce iska ce ba, ba ta kuma ce ba ita ba ce. Ta bar abin da ba ya cutarwa, ta hana abin da ke cutarwa, ta kuma faɗi dalili. Wannan hanya tana da tarihi a ƙasar nan, domin tun 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarinsa a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansu, har ma ya yi aiki da masu maganin gargajiya.

A zuwa na uku ta nemi a zo da mijin ƙanwata, amma sai da ta fara tambayar ita marar lafiyar abin da ta yarda a gaya masa da abin da ba ta yarda ba. Shi babban tsoronsa kada danginsa su ji an kai matarsa "asibitin mahaukata". Ba ta ja maganar da tsawo ba. Ta ce masa fayil ɗin matarsa sirri ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare haƙƙin marasa lafiya. Sannan ta ba shi aiki: ya bar ta ta ƙara wata biyu a gida, ya riƙa zuwa kullum da yamma, kada ya riƙa tambayarta yaushe za ta warke.

Amma sirrin da ta yi alkawari ginin bai taimaka mata wajen cika shi ba, kuma daga nan koke-kokena suke farawa. Tagar ɗakin hira tana kallon bencin masu jira, gilashinta biyu sun fashe, saboda haka duk wanda ya ɗan ɗaga murya an ji shi a waje. Ana kiran cikakken sunan mutum da ƙarfi a baranda. Ɗalibai sukan turo ƙofa su shigo ba sallama a tsakiyar magana. Babu wani lungu da mai shayarwa za ta zauna, a sashen da mata masu goyo suke da yawa. Sau biyu famasin asibitin ba su da maganin, sai da muka zagaya kemis uku a gari, alhali su da kansu suka gargaɗe mu cewa tsayar da shi kwatsam yana kawo jiri da dawowar ciwo. An rubuta mana ganin masanin halayyar ɗan Adam don zaman tattaunawa, amma da yake shi kaɗai ne a sashen, ranar da aka ba mu sai bayan wata biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya faru a zuwa na huɗu, lokacin da Sista ba ta nan. Wadda ta zauna a madadinta ta yi tambayoyin idonta a kan fayil, kuma da yake takardar ma'aunin da Turanci take, kowace ma'aikaciya fassara ta take yi da ka yadda ta ga dama. Ita wannan cewa ta yi, "Kina cikin damuwa?" Duk Bahaushen da aka yi wa wannan tambaya a haka amsarsa alhamdulillahi ce, kuma ita ƙanwata ta bayar. Da hawaye ya zubo mata daga baya, sai ma'aikaciyar ta ce ta yi haƙuri ta gode wa Allah, wasu matan nema suke ba su samu ba. Ban yi tsammanin da mugun nufi ta faɗa ba, irin maganar da dukanmu muke yi ce a gidan jego. Sai dai ga wadda ciwonta shi ne jin cewa ta butulce wa kyautar Allah, wannan magana fami ce, kuma kwana biyu ta yi ba ta ci abincin kirki ba. Wannan ya nuna mini cewa kyawun aikin da na yaba a jikin mutum ɗaya yake, bai zama ƙa'idar wurin ba tukuna. Da hukumar asibitin za ta samar da fassarar Hausa guda ta waɗannan tambayoyi, ta sa ƙananan ma'aikata su riƙa zama suna kallon yadda manya ke hira, ta gyara tagar nan, da ta magance rabin matsalar da kuɗi kaɗan.

Duk da haka, idan aka tambaye ni ko a kai mai jego ko wani ɗan uwa wannan sashe, zan ce a kai shi, kuma kada a jira arba'in kamar yadda muka yi. A yi sammako, a tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa, a ɗauki duk magani da jiƙon da ake sha a nuna, a kuma tafi da wanda marar lafiyar ya yarda da shi, ba lallai sai wanda ya fi kowa girma a gida ba. Idan an sami ma'aikaciyar da suka saba, a tambayi ranakun aikinta a daidaita zuwa da su.

Barcin ƙanwata ya fara dawowa a mako na uku, cin abinci ya biyo baya. Zuwanmu na ƙarshe makon jiya ne, kuma Sista ce a kan aiki. Bayan gaisuwa ta karɓi yaron ta ɗaga shi sama ta ce ya yi nauyi, sannan ta juya ga ƙanwata kamar wadda ta manta, ta ce, "Ni kam ya ma sunansa?" Ƙanwata ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta, kafaɗunta na rawa don dariya, ta ce, "Kai Sista, ki tambayi Yaya mana." Sista ta miƙa mata ɗanta, ta ɗauki biro ta yi rubutu layi biyu a fayil, ta ce mu dawo bayan mako shida.